Watanni tara da kamfanin 'yan aike a Makka: kaya suna isa, amma wa ke ɗauke da nauyin mai kai su?

Shagon kawuna yana bayan Titin Ibrahim Khalil ta ɓangaren Misfala, inda alhazan Najeriya da Nijar suka saba sauka, kuma hajarmu ba ta wuce dabino da turare da zuma da habbatus sauda da sauran kayan tsaraba ba, sai wani lungu da muka keɓe wa kayan miyar gida, wato kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, saboda gidajen Hausawa da ke Rusaifa da Hindawiyya da Shari'u Mansur. Kawu haifaffen Makka ne kuma ɗan ƙasa, ni kuwa daga Kano na zo, igamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, tana ƙarƙashin shagon, kuma a hannuna littattafan ciniki da takardun haraji suke. Daga watan Rajab na 1446, wanda ya zo daidai da Janairun 2025, har zuwa ƙarshen Satumba, mun yi aiki da wani kamfani da ke haɗa masu shaguna da 'yan aike ta manhajar waya, kuma abin da idona ya gani a wannan tsakani shi zan bayyana a nan, domin 'yan'uwa masu shaguna suna yawan tambayata ko su shiga ko su dakata. Na bar sunan kamfanin a gefe da gangan, saboda akwai ƙorafi a cikin bayanina, kuma irinsa suna da yawa a kasuwa da tsari kusan iri ɗaya.

Hidimar tasu kashi biyu ce. Akwai kai kaya, inda za ka shigar da oda a manhaja, a turo maka ɗan aike, wanda a nan kowa ke ce wa mandub, a kan babur ko a ƙaramar mota, ya ɗauka ya kai gida ko masauki. Akwai kuma turo ma'aikatan sa'a, waɗanda za su zo shago su taimaka da ɗaure kaya da jera kwalaye a lokacin cunkoso, a biya su gwargwadon sa'o'in da suka yi. Abin da ya kai mu gare su shi ne tafiyar direbanmu, wani bawan Allah Bahaushen Sudan, wanda ya shekara bakwai tare da mu, da kwantiraginsa ya ƙare sai ya sami aikin da ya fi namu a Madina ya mayar da igamarsa can, abin da gyaran dokar ƙwadago na Maris ɗin 2021 ya sauƙaƙa wa ma'aikata baƙi. Albashinsa riyal 2,000 ne, kuma doka ta ce kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara daga cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, don haka riyal 9,000 muka ƙirga masa. Kawu ya biya ba tare da ko gezau ba, domin haƙƙi ne, amma da muka zauna lissafin ɗaukar wani sabo, ga kuɗin lasisin aiki da ke kaiwa riyal 700 zuwa 800 a wata, ga sabunta igama, ga inshorar lafiya, ga hutun kwana 21 a shekara, ga gyaran mota da mai, sai muka ga cewa a watannin da ba azumi ba aikin hajji, direban yakan wuni a zaune rabin yini. Wannan lissafin shi ne ke tura yawancin ƙananan shaguna zuwa ga 'yan jinga, kuma ba na ganin laifin wanda ya yi shi.

Ta fuskar sauri, kamfanin ya cika alkawari, kuma zalunci ne in hana shi wannan shaida. A ranakun da ba cunkoso, da wuya mandub ya wuce minti ashirin bai tsaya a ƙofar shago ba, kuma manhajar tana nuna maka inda yake tun daga tashinsa har ya miƙa kayan, sannan mai karɓa ya faɗa masa lambar sirri da aka tura wa wayarsa kafin a rufe odar. Wannan lambar ita ce ta kawo ƙarshen musun da muka daɗe muna fama da shi na an kai ko ba a kai ba. Na tuna wani dare a cikin azumi, bayan an idar da tarawihi, wata Hajiya daga Sakkwato ta kira shago a rikice, motarsu za ta tashi zuwa filin jirgin Jidda kafin asuba, kuma ba ta sayi tsarabar dabino ba, tana son kwali goma sha biyu na ajwa da sukkari a kawo mata masauki. A irin wannan lokaci hanyoyin da ke kusa da Harami a rufe suke ga motoci, kuma direbanmu na da, duk da ƙwazonsa, da sai ya nemi inda zai ajiye mota can nesa. Kamfanin ya raba odar wa mutum biyu, suka kai iya inda ababen hawa ke tsayawa, suka ƙarasa da kayan a kafaɗa, kuma cikin sa'a ɗaya Hajiya ta sake kira tana cewa, “Ɗana, Allah ya yi maka albarka, sun iso.” Ciniki irin wannan da can kuɓuce mana yake yi.

Farashin ma ba ya da tsada idan aka duba da kyau. Riyal 20 suke karɓa a kan kai kaya cikin gari, su ɗora harajin VAT, wanda a nan ake ce wa dariba, na kashi 15 cikin 100, ya zama riyal 23, sai dai a goman ƙarshe na azumi da kwanakin hajji suna ƙara kuɗin ba tare da sanarwa mai tsawo ba. A nan ne zan daɗe, domin haraji shi ne aikina, kuma nan ne na ga mafi kyawun abin da ke cikin hidimar da kuma kuskuren da ya kusa jawo mana tara.

Kafin mu ƙulla da kamfanin, mun yi kusan wata biyu muna amfani da samarin da ake samu a zaurukan WhatsApp na unguwa, a kira mutum, ya kai kaya, a ba shi kuɗinsa a hannu, shi ke nan. Da na zo rufe littafi sai na tarar da kuɗi masu yawa sun fita ba tare da wata takarda da ke nuna inda suka tafi ba, kuma duk wanda ya taɓa shirya bayanin zakkar shago domin hukumar ZATCA, wadda ke kula da zakka da haraji da kwastam, ya san cewa kashe kuɗi marar shaida abu ne da ke iya dawowa kanka ranar bincike. Kamfanin kuwa kowane wata yana aiko da fatura, wato takardar shaidar ciniki, cikakkiya ta lantarki, da lambar rajistar harajinsa da tamu, an ware kuɗin aiki daban, an ware haraji daban. Amfanin wannan shi ne riyal 3 ɗin nan da ke kan kowace oda ba asara ba ce gare mu, muna cire ta daga harajin da muka karɓa a hannun masu saye kafin mu miƙa ragowar ga hukuma. Wanda cinikinsa bai kai riyal 375,000 a shekara ba, wato iyakar da rajista ke zama dole, kuma bai yi rajistar ganin dama ba, wadda ke farawa daga riyal 187,500, shi ba zai iya cire komai ba, riyal 23 ɗin duka a kansa take. Ya kamata masu ƙananan bakala, wato shagunan kayan masarufi, da matan da ke sayar da turaren wuta daga gida su sa wannan a lissafinsu kafin su kwatanta farashi da na ɗan unguwa. Tun da aka fara harajin a Janairun 2018 da kashi 5, aka ɗaga shi zuwa 15 a Yulin 2020, sannan aka wajabta faturar lantarki daga Disambar 2021, takarda ta zama rabin kasuwanci a ƙasar nan, kuma ta wannan fuska kamfanin ya fi ɗan aiken unguwa nesa ba kusa ba.

Kuskuren kuwa ga yadda ya faru. Mukan ɗora wa mai saye riyal 15 a matsayin kuɗin kai kaya, mu cika ragowar daga aljihunmu. Wannan riyal 15 ɗin tun da mu muka karɓa a cikin cinikinmu, haraji yana kanta kamar yadda yake kan dabinon da kansa. Ma'aikacin kamfanin da ya zo ya haɗa manhajarsu da na'urar cinikinmu sai ya shigar da ita a layin da ba a lissafa masa haraji, kuma bai ce mana uffan ba. Shago irin namu duk wata uku yake miƙa bayanin haraji, kuma na watannin Janairu zuwa Maris yana da wa'adi har ƙarshen Afrilu, to a tsakiyar Afrilun ne, ina daidaita alƙaluma da dare, na ga jimillar ba ta haɗuwa. Kusan riyal 2 ne a kan kowace oda, abin da ba ya ɗaga hankali a ido, amma a kan oda wajen ɗari shida ya haura riyal dubu ɗaya da ɗari. Allah ya sa na gano kafin in miƙa. Da na kira su, amsar da na samu ita ce tsarin harajin shago alhakin mai shago ne, kuma gaskiya ne a doka, sai dai wanda ya ɗaura maka na'ura da hannunsa ya kamata aƙalla ya ja hankalinka. Akwai kuma batun kuɗin hannu da mandub ke karɓa wajen mai saye: kamfanin yakan riƙe su kwana bakwai zuwa goma, ya cire nasa, ya turo ragowar dunƙule guda a banki. Wanda bai ƙware ba zai rubuta abin da ya shigo banki a matsayin cinikinsa, alhali haraji a kan cikakken farashin da aka sayar yake, kuma daga ranar da aka yi cinikin ake lissafa shi. A ƙarshen azumi, da hutun Sallah ya shiga tsakani, kuɗinmu masu yawa sun kwana biyu a hannunsu daidai lokacin da dillalan dabino na Ƙasim ke jiran nasu.

Wani abu da ya shafi haraji, wanda mutanenmu da yawa ba su ankara da shi ba, ya taso ne ta gefe. Kamfanin yana da masu tsara hotunan talla da ke aiki daga nesa, muka gwada su sau biyu, aikin ya yi kyau, sai Kawu ya ce me zai hana mu riƙa ba wani yaro a Kano wannan aiki kai tsaye, mu tura masa kuɗinsa, ya fi araha kuma na gida ya amfana. Niyyar mai kyau ce, amma na tunatar da shi cewa idan shago ya biya wanda ba mazaunin Saudiyya ba ladan aiki, wajibi ne ya cire wani kaso, daga kashi 5 zuwa 20 gwargwadon nau'in aikin, ya miƙa wa hukuma a cikin kwana goman farko na watan da ke biye. Mun ba yaron aikin, amma da wannan lissafin a ciki.

Yanzu sai babbar magana, wadda ta sa na ɗauki alƙalami tun farko. Manhajar tana kiran duk wanda ta turo da suna ɗaya, amma a gaban doka mutum uku ne daban-daban ke tsayawa a ƙofar shagonka. Na farko ɗan ƙasa ne da ke riƙe da takardar aikin kai, wadda ma'aikatar ƙwadago ke bayarwa kyauta ga 'yan Saudiyya kaɗai, kuma shi doka ta yarda ya yi aiki don kansa, sai dai ba ya da hutu ko sallama a wurin kowa, inshorar tsufa ma sai in ya ga dama ya biya wa kansa. Na biyu baƙo ne da igamarsa ke ƙarƙashin wani kamfanin sufuri, wanda shi ke ba manhajar hayar ma'aikata, kuma wannan ita ce hanyar da hukumar sufuri ta shata tun farkon 2024, lokacin da ta sanar cewa baƙi ba za su ci gaba da kai kaya a matsayin masu zaman kansu ba, dole su bi ta kamfanoni, su sa tufafin aiki, a kuma riƙa tantance fuskarsu a manhaja. Na uku shi ne wanda igamarsa ke cewa direban gida ne ko lebura a wani wuri, ya karɓi hayar asusun wani yana aiki da shi. Sashe na 39 na dokar ƙwadago ya haramta wa baƙo yin aiki ba tare da izini ba a wurin wanda ba kafilinsa ba, wato wanda igamarsa ba ta ƙarƙashinsa, ya kuma haramta masa yin aiki don kansa, kuma hukuncin wanda aka kama yana iya kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida da kora daga ƙasa.

Sau biyu na ga na ukun nan da idona, duka a cikin azumi. A ɗaya daga ciki, hoton da manhajar ta nuna na wani dattijo ne mai gemu, amma wanda ya shigo shago saurayi ne siriri, da ya ji ina magana da Kawu sai ya gaishe mu da Hausar Damagaram. Odar ta turare ce ta riyal 1,800. Na nuna masa hoton, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, “Yaya, don girman Allah ka rufa mini asiri, da wannan nake ciyar da na gida.” Ban ba shi kayan ba, domin idan suka salwanta ban san wanda zan bi ba, kuma inshorar kamfanin ba ta san da zamansa ba. Kawu ya zaunar da shi, ya sha ruwa tare da mu, ya ba shi abin da da zai samu a odar, ya tafi. Har yau abin yana sosa mini rai, domin na san halin da ke tura mutum wannan hanya, kuma na san wanda ya ba shi hayar asusun yana kwance a gida yana cin rabin guminsa. Na rubuta wa kamfanin cewa tantance fuskarsu tana da kafa, ban ambaci odar ba, kuma daga Shawwal ban sake ganin irin haka ba.

A ɓangaren ma'aikatan sa'a ne hidimar ta fi ba ni kunya, domin a nan haɗarin ya tashi daga kan titi ya shigo cikin shago. Tun Agustan 2020 aka sa shagunan dabino da zuma da kayan ƙamshi cikin waɗanda kashi 70 na ma'aikatansu dole su zama 'yan ƙasa, kuma masu bincike na ma'aikatar ƙwadago sukan shigo ba sanarwa, su tambayi duk wanda suka gani a bayan kanta katinsa. A goman ƙarshe na azumi muka nemi mutum uku. Na farko ɗalibi ne a Jami'ar Ummul Ƙura, ɗan ƙasa, jikan Hausawa duk da Hausarsa ta yi ƙaranci, kuma shi an ƙulla mana yarjejeniya da shi ta dandalin Marn na gwamnati, wanda aka tanada domin aikin sa'a na 'yan ƙasa, muka amince ta waya, komai a rubuce. Na biyu baƙo ne, ya nuna izinin Ajir, wato takardar da ke halatta wa ma'aikacin wani kamfani ya yi aiki na ɗan lokaci a wani wurin. Na uku da na tambaye shi sai ya ce shi dai an ba shi adireshi an ce ya zo. Kawu ya dube ni ya ce, “Ɗana, idan suka shigo yanzu, sunan wa za su rubuta, nawa ko na manhaja?” Na ce, “Naka, Kawu.” Ya ce, “To a ba shi kuɗin mota da na yini, ya yi haƙuri.” Tarar shagon da aka kama yana sa wanda ba nasa ba aiki tana iya kaiwa riyal 100,000, ban da hana shi ɗauko ma'aikata daga waje. Da na koma na karanta yarjejeniyarmu da kamfanin layi-layi, sai na tarar da wani sashe can ƙasa da ke cewa tabbatar da halaccin ma'aikacin da ke cikin shago alhakin mai shago ne. Ba su yi ƙarya ba, amma wanda ya tallata mana hidimar bai taɓa furta wannan ba, kuma a ganina kamfanin da ke karɓar lada domin ya kawo maka ma'aikaci, wannan tantancewar ita ce farkon abin da ake biyan sa ya yi.

Ɗalibin nan ya burge Kawu sosai, har ya ce a riƙa kiran sa kullum daga la'asar zuwa dare duk shekara a kan tsarin sa'a, tun da tsarin bai wajabta hutun shekara ko kuɗin sallama ba. Na ce masa ban ga dacewar hakan ba. Dokar ƙwadago ta siffanta ma'aikaci da wanda ke aiki a ƙarƙashin umarninka da kulawarka domin lada, kuma wanda ka tsayar wa lokaci kullum, ka ba shi mabuɗin shago, ma'aikacinka ne ko da wane suna ka kira shi. Bayan Sallah muka ɗauke shi aiki sosai a kan riyal 4,000, wanda shi ne mafi ƙarancin albashin da ke sa a ƙirga ɗan ƙasa a matsayin cikakken mutum ɗaya a ma'aunin Niɗaƙat, wato tsarin gwamnati na auna yawan 'yan ƙasa a cikin ma'aikatan kowane wuri, kuma hakan ya gyara mana matsayi a ma'aikatar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a watan Yuli. Akwai wani mandub da ya saba zuwa mana, matashi ɗan Katsina mai fara'a, daga cikin rukuni na biyu, takardunsa cif. Wata rana wajen ƙarfe ɗaya, a irin zafin Makka da ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa, ya shigo rigarsa jiƙe sharkaf, ya tsaya gaban na'urar sanyaya ɗaki yana lumshe ido, na miƙa masa ruwa ya shanye gora guda a tsaye, ya ɗaure kwalin zuma a bayan babur ya nufi Aziziyya. Bayan minti arba'in alamarsa a manhaja ta tsaya wuri ɗaya ba ta motsi. Jiri ne ya ɗebe shi, ya faɗi, ya karye a wuyan hannu. Gwamnati ta hana sa ma'aikata aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, kuma na san wannan sarai, amma manhajar tana karɓar oda a wannan lokaci, ni kuma na shigar ba tare da tunanin wanda zai hau babur ba. Wannan kason laifin nawa ne.

Cikin kwana biyu kamfanin ya biya mu kuɗin zumar da ta fashe har da haraji, ba ja-in-ja. Da na tambaye su halin da yaron yake ciki kuwa, sai aka ce mini ba ma'aikacinsu ba ne, na kamfanin sufuri ne, su dillalai ne kawai tsakanin ɓangarori. Muka je duba shi ni da Kawu a ɗakin da suke kwana su shida, hannu a naɗe, kuma a nan na fahimci yadda ake biyan sa: a kan kowace oda yake samu, ana cire masa kuɗin babur, ana kuma yanke masa idan ya makara ko mai saye ya ba shi maki kaɗan. Tun daga ranar na daina danna maki ƙasa don jinkirin minti goma. Bai san cewa kowane kafili yana biyan kashi 2 cikin 100 na albashin ma'aikacinsa baƙo ga hukumar inshorar ma'aikata ta GOSI domin irin wannan rana ba, kuma raunin da aka samu a bakin aiki yana da haƙƙin magani da kuɗin kwanakin jinya. Ba wanda ya taɓa gaya masa, kuma kafilin nasa bai yi gaggawar kai rahoto ba sai da Kawu ya ɗaga waya ya yi masa magana da Larabcin da ya fi nawa kaifi, ya kuma tuna masa cewa akwai ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago, bayansa akwai kotun ma'aikata. A hanyarmu ta komawa Kawu ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu ma mun ci daga gumin yaron nan. Da na sake duba lissafina na farkon shekara, sai na ga cewa rarar da muka samu tsakanin direbanmu na da da riyal 20 ɗin nan, yawancinta kuɗin hutu da jinya da sallama ne, waɗanda ba su ɓace ba, an dai sauke su daga kanmu an ɗora wa wanda ya fi kowa rauni a cikin tsarin.

Sauran ƙorafe-ƙorafena ƙanana ne. A makonnin kafin hajji, lokacin da ake hana shiga Makka sai da izini, 'yan aike sun yi ƙaranci har jira ya kai sa'a guda da rabi, kuma masu amsa kira da Larabci da Turanci kawai suke magana, abin da ke wahalar da alhazanmu idan suka so bin sawun kayansu.

Ga ɗan'uwa mai shago da ke tambaya, shawarata ita ce ya shiga ɓangaren kai kaya, musamman idan yana da rajistar haraji kuma cinikinsa na lokaci-lokaci ne irin namu, amma ya sa wanda ya san lissafi ya duba yadda aka shigar da kuɗin kai kaya a na'urarsa tun ranar farko, ya kuma riƙa haɗa fuskar da ke ƙofa da wadda ke waya. Ɓangaren ma'aikatan sa'a kuwa ba zan ba kowa shawarar shiga ba, sai in zai tsaya kan Marn ko izinin Ajir da ya gani da idonsa kafin mutum ya taɓa kwali. Mu dai mun ci gaba da su, amma a watannin zafi ba mu shigar da odar babur tsakanin azahar da ƙarfe uku, kuma mun ajiye firjin ruwa a bakin ƙofa domin duk mandub da ya zo. Yarjejeniyarmu za ta ƙare a Janairu, kuma na rubuta musu cewa ba za mu sabunta ba sai sun amince a rubuce cewa duk wanda suka turo mana yana da rajista a GOSI ko takardar aikin kai, kuma su ne za su tantance hakan kafin ya iso. Sun ce sashen shari'arsu yana dubawa. Yaron Katsina ya leƙo shago makon da ya wuce, an biya shi kuɗin jinyar watanni biyu, amma yatsunsa har yanzu ba sa iya matse birki, kuma likita ya ce ya dawo bayan wata guda a sake ɗaukar hoton ƙashin.